Tambaya da Amsa: Sharuɗɗan da Ba a Rubuta Ba a Cinikin Gida Mai Satifiket

Mafi yawan wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan a kan cinikin gida da fuloti suke, kuma kusan dukkansu sun taru a wuri guda: mutum ya sa hannu a takarda yana zaton abin da idonsa ya gani a rubuce shi ne iyakar abin da ya ɗaure shi, ko iyakar abin da zai iya nema. Na zaɓi huɗu daga ciki, na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda aka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. A shekarar 2021 na sayi gida a Unguwar Dosa da ke Kaduna a kan naira miliyan 18. Na biya lakadan, mai unguwa da shaidu huɗu suka sa hannu, mai gidan ya damƙa mini asalin satifiket ɗinsa, na tare da iyalina. Bana na nemi rance a wani banki da niyyar jinginar da gidan, sai suka ce a wurin hukuma gidan ba nawa ba ne, domin ba a samu amincewar Gwamna ba. Na koma wa wanda ya sayar mini don ya sa hannu a takardun neman amincewar, sai ya ce gida ya yi daraja, sai na ƙara masa wani abu. A takardarmu babu inda aka ambaci Gwamna, babu kuma inda aka ce zai sake sa hannu. Ina matsayina?
*Wani ɗan kasuwa, Kawo*

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Tambayarka ta ƙunshi sharaɗi biyu waɗanda babu ko ɗaya daga cikinsu a takardarku. Ɗaya ya hana cinikin kammala, ɗaya kuma ya tilasta wa wanda ya sayar maka ya kammala shi, kuma dukansu suna aiki kamar da tawada aka rubuta su.

Na farkon ya fito ne daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa. Sashe na 1 ya ɗora duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun Gwamna a matsayin amana, saboda haka abin da mai satifiket yake riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani da wurin har zuwa wani wa'adi, wanda a gidajen zama yawanci shekara 99 ne. Sashe na 22 ya haramta masa ya sayar da wannan haƙƙi, ko ya jinginar da shi, ko ya miƙa wurin ga wani ta kowace hanya, sai ya fara samun amincewar Gwamna. Sashe na 26 kuwa ya ce duk cinikin da ya saɓa wa tanadin dokar ɓatacce ne. Dokar tana cikin waɗanda sashe na 315 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare, don haka ba a gyara ta sai ta hanyar da ake gyara kundin kansa. Mutanen kudu ne tsarin ya zo wa a matsayin baƙon abu a 1978. Mu a nan tun dokar ƙasa ta Turawan mulki ta 1910 aka ɗora filayen Arewa a ƙarƙashin Gwamna, sannan majalisar Jihar Arewa da ke zama a nan Kaduna ta yi tata dokar a 1962, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, kuma daga ita aka kwaikwayi mafi yawan abin da ke cikin ta 1978. Abin mamaki shi ne har yau ana cinikin gida a garin nan kamar ba a taɓa jin wannan ƙa'ida ba.

Kotun Ƙoli ta nuna nauyin sashen a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989. Ajilo ya jinginar da kadararsa ta Legas ba tare da an nemi amincewar Gwamna ba, da bankin ya tashi sayar da ita sai ya garzaya kotu ya ce jinginar ba ta inganta ba, kotun kuwa ta yarda da shi, duk da cewa ya mallaki wurin tun kafin a yi dokar. Tun daga ranar babu bankin da ke da lauya mai hankali da zai karɓi satifiket mai ɗauke da sunan wani daga hannunka, don haka kada ka ga laifin bankin da ya mayar da kai.

Sai dai wannan ba yana nufin kuɗinka sun bi ruwa ba. A shari'ar kamfanin Awojugbagbe da Chinukwe a 1995, Kotun Ƙolin ta bayyana cewa doka ba ta hana mutum biyu su daidaita su sa hannu kafin a samu amincewa ba, illa dai abin da suka ƙulla yana nan a rataye, ba ya miƙa mallaka sai ranar da amincewar ta fito. Cinikin ƙasa hawa biyu ne: yarjejeniyar saye da sayarwa, sannan miƙa mallaka. Kai ka hau na farko ka tsaya. Tunda ka biya kuɗi duka, kana kuma zaune a ciki, kotu tana ganin kana da haƙƙi a gidan wanda za ta kare, ko da yake bai kai ƙarfin na wanda sunansa ke cikin rajista ba.

Nan ne sharaɗi na biyu ya shigo, kuma shi ne makaminka. Duk wanda ya karɓi kuɗin gida, doka tana ɗauka ya yi alkawarin cewa yana da ikon sayarwa, kuma zai yi duk abin da ake bukata daga gare shi don mallakar ta koma hannun mai saye. Sashe na 22 da mai riƙe da haƙƙin yake magana, wato neman amincewar nauyi ne a wuyansa shi, ko da a aikace mai saye ne ke yin zirga-zirgar da biyan kuɗin. Sa hannun da yake neman ka saya a wurinsa yana cikin abin da ka riga ka biya a 2021. Bayan hukuncin Ajilo ma kotuna sun sha nuna cewa ba za su bar wanda ya ƙi sauke nauyinsa ya dawo ya ci ribar ƙin nasa ba. Idan lallashi ya ci tura, Babbar Kotun Jiha ce ke da hurumi a kan fili mai satifiket na Gwamna, bisa sashe na 39, kuma tana da ikon umartarsa ya sa hannu.

Shawarata ita ce kada ka ƙara ko kwabo kafin lauyanka ya rubuta masa wasiƙa, domin ƙarin da aka yi da baki yakan zama hujjar cewa cinikin farko bai ƙare ba. A lokaci guda lauyan ya je hukumar KADGIS, wadda aka kafa da dokar jiha a 2015 kuma take riƙe da fayilolin filaye, ya yi binciken fayil ɗin gidan, ya ga ko akwai jingina, ko bashin kuɗin ƙasa, ko wani ciniki da aka shigar bayan naka, sannan ya sanar da hukumar a rubuce cewa kana da haƙƙi a wurin. Riƙe asalin satifiket ba ya hana marar tsoron Allah ya yi rantsuwar cewa takardarsa ta ɓace ya nemi wata. Bayan nan sai a rubuta takardar miƙa mallaka, a nemi amincewa, a biya harajin hatimi, a yi rajista. Kada ka yi jinkiri, domin yau da mutum ɗaya kake magana, idan kuwa ta Allah ta kasance a kansa, da magadansa za ka yi, kuma duk wata sanarwa ta gwamnati a kan gidan nan, har da ta ƙwacewa ko ta biyan diyya, sunan da ke cikin fayil za ta nema.

Tambaya: Barista, ni bazawara ce, na tattara abin da na gada na sayi gida a Barnawa, lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka, amincewa ma ta fito. Ranar da na je karɓar makulli na tarar an cire famfon rijiyar burtsatse da ƙofar ƙarfe ta zaure, akwai ɗan haya a ɗakunan baya da ya ce saura masa wata bakwai, sannan aka kawo mini takardar bashin kuɗin ƙasa na shekaru. Da damina ta sauka kuma na ga ruwa yana kwanciya a tsakar gida. Mai gidan ya ce takarda gida ta ce, ba ta ce famfo ba. Gaskiya ne?
*Wata Hajiya, Barnawa*

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri a gidan. Abubuwa huɗu kika kawo, uku kina da gaskiya a cikinsu, na huɗun kuwa yana da wuya.

Maganarsa cewa takarda ba ta ce famfo ba, ba hujja ba ce. Ƙa'idar doka ita ce abin da aka kafa a jikin ƙasa ko gini don ya zauna ya zama ɓangaren wurin, yana bin wurin idan aka sayar, sai fa in an toge shi a rubuce. Ƙofar da aka gina madogararta cikin bango da siminti, da famfon da aka zura cikin rijiya aka haɗa da bututun gida, suna cikin wannan. Janareton da aka ajiye a ƙasa, da labule, da firji, nasa ne ya kwashe. Fiƙihunmu ma haka ya tafi: a mazhabar Malikiyya cinikin ƙasa yana haɗawa da ginin da itatuwan da ke kanta ko ba a ambace su ba, amma ba ya haɗawa da shukar da ke tsaye. Hadisi ya zo cewa wanda ya sayar da dabinon da aka riga aka yi wa barbara, 'ya'yan na mai sayarwa ne sai in mai saye ya sharɗanta. Malamai kuma suna da ƙa'idar cewa abin da al'ada ta san da shi daidai yake da abin da aka sharɗanta. Babu mai sayen gida a Kaduna da ke zaton za a miƙa masa zaure babu ƙofa.

Ɗan haya kuwa ba shi da laifi, kuma ba za ki iya fitar da shi da ƙarfi ba, domin hayarsa ta riga cinikinki, sai ta ƙare ko an ba shi notis yadda doka ta tsara. Laifin yana kan mai gidan. Idan takarda ba ta ce an sayar da gida da 'yan haya a ciki ba, doka tana ɗauka an yi alkawarin miƙa shi babu kowa. Kuɗin hayar watannin da suka rage, waɗanda ya riga ya karɓa, haƙƙinki ne ki neme su daga gare shi.

Bashin kuɗin ƙasa shi ya fi bukatar gaggawa. Sashe na 10 na dokar 1978 ya ce kowane satifiket ana ɗauka yana ƙunshe da alkawarin biyan kuɗin ƙasar da Gwamna ya yanka, ko an buga wannan a jikinsa ko ba a buga ba, sashe na 28 kuma ya ba Gwamna ikon soke haƙƙin idan aka saɓa wannan alkawari. Hukuma gidan take bi bashi, kuma yanzu ke ce a gidan. Ki fara tabbatar da lissafin, domin a bisa al'ada ana share irin wannan bashi kafin amincewa ta fito. In ya tabbata, ki biya ki karɓi rasit, sannan ki nemi na shekarun da suka gabaci cinikinki daga wurin wanda ya sayar miki. Ki ce wa lauyanki ya duba ko takardar ta bayyana cewa mai gidan ya sayar ne a matsayin mai cikakken haƙƙi. Idan haka ne, tsohuwar dokar miƙa kadara ta Ingila ta 1881, wadda aka saba aiki da ita a jihohin Arewa, tana dasa alkawari huɗu a cikin takardar: cewa yana da ikon sayarwa, cewa za ki zauna babu mai tayar da ke ta dalilinsa, cewa babu wani nauyi a kan gidan da bai bayyana ba, da cewa zai sake sa hannu a duk takardar da ake bukata don gyara mallakarki.

Kwanciyar ruwa ce ba zan ba ki tabbaci a kanta ba. Dokar da muka gada daga Ingila ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana ɓoyayyen aibin da ke cikin mallaka, amma ta bar wa mai saye ya buɗe ido ya duba lafiyar gini da yanayin wuri, musamman abin da dubawa za ta nuna. A ganinta, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kotu kuma ba ta dasa sharaɗi a yarjejeniya don kawai ta ga zai fi adalci. Tana dasa shi ne idan doka ta tanada, ko al'adar da kowa ya sani ta tabbatar, ko kuma ciniki ba zai yi ma'ana ba sai da shi, kuma ba ta dasa wanda ya ci karo da abin da aka rubuta. Hanyar da ta rage miki ita ce idan kin tambaye shi ya ce ruwa ba ya kwanciya, ko ya yi fenti don ya rufe alamar ruwa a bango, wannan yaudara ce, kuma shaidun da suka ji maganar suna da amfani. A wannan gaɓa, a ganina, fiƙihu ya fi tausaya wa mai saye, domin ya wajabta wa mai sayarwa ya faɗi aibin da ya sani, ya kuma ba mai saye damar neman ragi ko mayar da ciniki gwargwadon girman aibin. Idan mutumin mai jin maganar malamai ne, sulhu ta wannan hanya zai iya ba ki abin da Babbar Kotu ba za ta ba ki ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, mahaifinmu ya rasu ya bar gida mai satifiket a Tudun Wada, mu tara ne har da ƙananan yara biyu. Ba a raba gado ba. Yayanmu ya sayar wa wani da kasonsa, kuma mai sayen ya zo da safiyo zai yanki ɓangaren da ke bakin titi. Yana da wannan iko?
*Wani ɗalibi, Tudun Wada*

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, ɗana. Ba shi da ikon yankar ko taku ɗaya. Kafin a raba gado, kowane magaji yana da kaso a cikin gidan gaba ɗaya, babu wanda zai nuna kusurwa ya ce tasa ce, balle bakin titi da ya fi ko'ina daraja. Yayanku ya sayar da kaso ne wanda ba a san inda zai faɗa ba.

Dokar 1978 ta bar rabon gado ga dokar da mamaci yake bi, wato a gare ku Shari'ar Musulunci, amma sashe na 24 ya gindaya cewa ba za a raba haƙƙin da ke cikin satifiket gida biyu ko fiye saboda mutuwar mai shi ba sai da amincewar Gwamna. Ko da alƙali ya fitar wa kowa da kasonsa a lissafi, tsaga filin a ƙasa da fitar da sabuwar takarda ga kowane yanki aiki ne na hukumar filaye, kuma gina katanga ko shago a wurin yana bukatar izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna.

Kuna kuma da haƙƙin shufu'a, wanda shi ma ba ya bukatar a rubuta shi a ko'ina. Hadisin Jabir ya tabbatar da ita a cikin duk abin da ba a raba ba, idan kuwa aka sa iyakoki aka fitar da hanyoyi to babu ita. Ma'anarta ita ce ku abokan tarayya kuna da damar ku biya baƙon abin da ya biya ku karɓe kason. A Malikiyya maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi, abokin tarayya ne kawai, kuma wanda yake gari ya san da cinikin ya yi shiru har shekara ta wuce ya rasa shi. Ku kai maganar Kotun Shari'a a raba gadon, a tsayar da wanda zai kula da kason yaran nan biyu, ku kuma bayyana neman shufu'arku a gaban alƙali tun yanzu.

Tambaya: Barista, zan sayi fuloti a Rigachikun. Dillali ya ce kada in wahalar da kaina da neman amincewa, a rubuta mini takardar wakilci wadda ba a janyewa, ta fi sauƙi da araha. Fulotin na gidan zama ne, ni kuma shaguna nake so in gina.
*Wani ma'aikaci, Mando*

Amsa: Malam, dillali la'adarsa yake so ta fito a yau, kuma ba shi zai tsaya a kotu ba. Kotun Ƙoli ta faɗa a shari'ar Ude da Nwara a 1993 cewa takardar wakilci ba ta miƙa mallaka, izini ne kawai na ka yi wani aiki da sunan mai wurin, kuma muddin ba ka yi amfani da izinin ka sayar ba, shi ma yana iya sayarwa da kansa. Wadda aka rubuta cewa ba a janyewa saboda an biya kuɗi ta fi ta yau da kullum ƙarfi, amma ita ma wakili take mayar da kai a kan fulotin da ka saya da guminka. Tana da amfani idan an haɗa ta da takardar miƙa mallaka, don ka iya bin sawun amincewa ba tare da neman mai wurin kullum ba.

Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka gano wace irin takarda fulotin yake da ita. Idan ta ƙaramar hukuma ce, sashe na 21 ya ce amincewar ƙaramar hukumar ake nema, idan ta Gwamna ce sashe na 22 ne ke aiki, kuma a gefen gari irin Rigachikun binciken fayil ne kaɗai zai nuna maka ko wurin ya faɗa cikin shatar gwamnati. Sannan ka juya satifiket ɗin ka karanta sharuɗɗansa ɗaya bayan ɗaya, domin ranar da ka saya sun hau kanka. Za ka ga abin da aka ba da wurin dominsa, da wa'adin da aka ɗiba don a gina shi, wanda mai yiwuwa ya riga ya wuce a hannun mai sayarwa. Gina shaguna a fulotin gidan zama ba tare da an sauya manufar a hukumance ba saɓa sharaɗi ne da zai iya jawo rusau ko soke takarda. Ka sa lauyanka ya rubuta a yarjejeniyar cewa za ka riƙe wani kaso na kuɗin har sai amincewa ta fito, da cewa idan aka ƙi ba da ita ko aka ƙi sauya manufar wurin, za a mayar maka da abin da ka biya cikin wa'adin da kuka ambata da kwanan wata.